Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabanni Da Malaman Manyan Makarantu Kan Ɗalibai Masu Naƙasa A Cikin Aji

Assalamu alaikum.

Ranku ya daɗe, shugabannin jami'o'i da kwalejoji, shugabannin tsangayoyi da sassa, da ku malamai masu tsayuwa gaban allo kullum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, wannan wasiƙa ta fito ne daga mutanen da aikinsu ya ajiye su tsakanin malami da ɗalibi mai naƙasa: malaman ilimi na musamman, tafintocin maganar hannu, masu mayar da littattafai rubutun Braille, wato rubutun makafi mai tudu da ake karantawa da yatsa, da ma'aikatan ofisoshin tallafa wa ɗalibai. Muna magana ne da yawun makafi da masu raunin gani, kurame da masu raunin ji, masu tafiya a keke ko da sanda, da kuma ɗimbin waɗanda lalurarsu ba ta bayyana a fuska.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wani sakaci da ya daɗe har ya zama jiki. Makarantu da yawa sun buɗe wa waɗannan ɗalibai ƙofa, sun ba su gurbin karatu, wani lokaci har da sanarwa da hotuna. Daga nan sai a bar ɗalibi da malami su san yadda za su yi da juna, babu rubutacciyar ƙa'ida, babu horo, babu wanda za a tambaya. Sai ya zama abin da ɗalibi zai samu ya dogara ga halin malamin da aka haɗa shi da shi. In ya dace da mai sauƙin kai, ya samu takardun darasi. In bai dace ba, ya ji "ai ni ba a gaya mini ba", ya koma ya zauna.

Wannan ba lamarin alfarma ba ne. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa, wadda aka amince da ita a 2006 ta fara aiki a 2008, ta tanadi a sashe na 24 cewa a yi wa kowane ɗalibi sauƙaƙawar da ta dace da buƙatarsa, har a matakin karatun gaba da sakandare. Sashe na 2 ya lissafa ƙin yin wannan sauƙaƙawa cikin nau'o'in wariya, matuƙar ba za ta ɗora wa makaranta nauyin da ya wuce ƙima ba. A 2016 kwamitin da ke sa ido kan yarjejeniyar ya ƙara fayyacewa: zaunar da ɗalibi cikin aji ɗaya da sauran ba tare da sauya tsarin koyarwa ba bai kai a kira shi shigar da shi ba, kuma kada kuɗin sauƙaƙawar ya faɗo kan ɗalibin. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum biliyan 1.3, kusan ɗaya cikin shida, na rayuwa da naƙasa mai tasiri. Malamin da ya ce bai taɓa koyar da irin wannan ɗalibi ba, galibi ya koyar, sani ne bai yi ba.

Kukanmu mafi girma shi ne na lokaci. Yawancin abin da ke hana makaho karatu ba rashin na'ura ba ne, jinkiri ne. Shafin Braille na ɗauke da layi kamar 25, kowane layi gurbi kamar 40, saboda haka shafi ɗaya na bugun yau da kullum kan koma shafi biyu ko uku. Takardar darasi mai shafi 20 sai ta koma shafi 40 zuwa 60, kuma sai an buga ta, an duba kurakurai, an ɗinke. In akwai lissafi a ciki, sai wanda ya san alamomin lissafi na Braille, irin tsarin Nemeth. In akwai zane, sai an yi shi da tudu yadda yatsa zai bi. Malamin da ya miƙa takarda ranar Litinin ya sa gwaji ranar Alhamis ya ba sauran ɗalibai kwana uku, makahon kuwa bai ba shi ko ɗaya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma malaman da suke ganin sun sauke nauyi don sun tura takarda ta waya, alhali hoton shafi suka ɗauka suka mayar da shi PDF. Manhajojin da ke karanta wa makaho rubutu, irin NVDA da JAWS a kwamfuta, ko TalkBack da VoiceOver a waya, haruffa suke karantawa kai tsaye, ba hoto ba. A wajensu wannan takarda farar takarda ce. Gwajin ba shi da wuya: a buɗe fayil ɗin a yi ƙoƙarin zaɓar kalma ɗaya a kwafe. In ta zaɓu, rubutu ne. In shafin duka ya zaɓu lokaci guda, hoto ne. Akwai manhajojin da ke mayar da hoto rubutu, amma sukan birkita jadawali da alamomin lissafi, sukan kuma mayar da ƙ ta zama k, ɗ ta zama d, sai mutum ya bi ya gyara da hannu. Mafi sauƙi shi ne malami ya ba da ainihin fayil ɗin da ya rubuta, kanun bayanai a jere bisa tsari, kowane hoto da layi ɗaya ko biyu na bayanin abin da yake nunawa. Game da haƙƙin mallaka da wasu ke fakewa da shi, yarjejeniyar Marrakesh ta 2013 an yi ta ne domin ƙasashen da suka shige ta su halatta mayar da littattafai sigar da makafi za su iya karantawa ba sai an nemi izinin mai littafi ba.

Mai raunin gani ba Braille yake nema ba, manyan haruffa yake nema, galibi lamba 18 zuwa sama, baƙi sosai a kan fari, da tazara tsakanin layuka. Kuskuren da aka saba shi ne a kai takardar da ta riga ta koɗe a faɗaɗa ta daga A4 zuwa A3. Wannan na mayar da harafi mai lamba 12 kusan 17, amma yana faɗaɗa dishi-dishin tare da shi, ga takardar ta fi ƙarfin teburin ɗalibi. A sake buga ta daga kwamfuta kawai.

Sai maganar bakin malami. A tsaya a bayan aji a rufe ido minti biyar a saurara: "In ka ɗauki wannan ka haɗa da wancan, sai ka raba da na ƙasan nan, ka ga abin da ya fito." Mai gani ya bi alli ya fahimta. Wanda ba ya gani ya ji jimla cikakkiya wadda babu komai a cikinta. Gyaran bai buƙaci ko sisi ba: malami ya faɗi abin da yake rubutawa da sunansa, ya ce "x sau biyu, a tara da biyar, duka a raba da uku", ya karanta abin da majigi ya haska, ya ce layin ya tashi daga ina ya sauka ina. In zai kira ɗalibi ya kira suna, don nuni da yatsa da "kai, can baya" ba sa isa ga makaho. Kuma kada a bambanta abu biyu da launi kaɗai, musamman ja da kore, domin a kusan kowane babban aji akwai wanda ba ya rarrabe su kuma ba zai ɗaga hannu ya faɗa ba. Ɗaliban da ke kujerar ƙarshe, masu ido lafiya, su ma suna cin moriyar wannan, ko da yake ba dominsu muka rubuto ba.

Game da kurame da masu raunin ji, akwai zaton da ya kamata a kawar: cewa zama a layin gaba da kallon leɓe ya wadatar. A tsaya gaban madubi a furta "bari" da "mari" ba tare da sauti ba, za a ga leɓen iri ɗaya ne. Sautuka irin k da g da ƙ da h kuwa a can ciki suke fita, ba a ganinsu sam. Mai karanta leɓe cike gurbi yake yi da hasashe, kuma aikin na gajiyarwa ƙwarai. Da zarar malami ya juya ga allo yana ci gaba da magana, ko ya riƙa kai-komo, ko ya tsaya taga na bayansa fuskarsa ta zama inuwa, zaren ya tsinke. Ɗaga murya ba ya gyara komai, sai ma ya karkata leɓe ya kuma sa na'urar kunne ta yi ƙara. Ita na'urar ma amfaninta ya fi yawa a tazarar mita ɗaya zuwa biyu, don a fili sauti na raguwa da kusan desibel 6, ma'aunin ƙarfin sauti, duk lokacin da tazara ta ninka, ga shi tana ƙara ƙarar fanka da jan kujera kamar yadda take ƙara muryar malami. Shi ya sa ake ba malami ƙaramin makirufo da ke tura murya kai tsaye zuwa kunnen ɗalibi. Wanda aka ba ya maƙala a riga, kada ya ajiye kan tebur ya ce muryarsa na da ƙarfi. In wani ya yi tambaya daga baya, malami ya maimaita ta kafin ya amsa.

Inda akwai tafinta, sai a san yadda aikinsa yake. Yana bayan mai magana da daƙiƙoƙi kaɗan, don sai ya ji ma'ana kafin ya mayar. Malamin da ya yi tambaya ya karɓi amsar wanda ya fara ɗaga hannu ya fitar da kurma daga kowace muhawara ta zangon. A jira kaɗan. Ido ɗaya ba ya kallon tafinta da majigi da littafi lokaci guda, don haka ɗalibin na buƙatar mai rubuta masa bayani ko takardun malami. In an kashe wuta domin majigi, an kashe masa maganar gaba ɗaya, sai a bar fitila ɗaya kan tafinta. Kalmomin fanni a ba tafinta su tun kafin darasi ya daidaita alamunsu da ɗalibi, in ba haka ba sai ya riƙa jera haruffa da yatsu yayin da malami ya yi nisa. Lakca mai awa biyu tafinta biyu take so, suna karɓeɓeniya duk minti 20 zuwa 30, domin bayan haka kuskure na yawaita. Kuma a yi magana da ɗalibin a dube shi, a daina "gaya masa ya kawo aikinsa". Bidiyon da babu rubutu a ƙasansa kada a nuna shi, wanda na'ura ta rubuta da kanta kuma a duba shi, don a kan kalmomin fanni ta fi yin ɓaranɓarama.

Batun gini mun san ba a hannun malami yake ba, amma zaɓin ɗaki na hannun sashe. In lakca na bene babu lif, a sauko da ita, a daina ɗaukar baligi ranga-ranga a matattakala ana kiran haka taimako. Keke na buƙatar ƙofa mai faɗin santimita 80 zuwa 90, filin juyawa kamar santimita 150, da teburin da gwiwa za ta shige ƙarƙashinsa, wajen santimita 70 daga ƙasa. Gangara kuwa ma'auninta ɗaya bisa goma sha biyu, wato matakin santimita 15 na son gangarar santimita 180. Wadda ta fi haka tsayuwa ado ce. Sauya ɗaki ba sanarwa, ko jera lakca biyu a gine-gine masu nisa ba tazara, sannan a rufe ƙofa ga wanda ya makara, hukunci ne kan abin da ba laifinsa ba.

Waɗanda suka fi shan wuya a ɓoye su ne masu lalurar da ba a gani: farfaɗiya, amosanin jini, ciwon suga, matsananciyar damuwa, in'ina, wahalar karatu da ake kira disleksiya, raunin tattara hankali, da otizim, lalurar da ke shafar mu'amala da sadarwa da mutane. Su ne ake ce wa malalata ko masu neman uzuri. Mai amosanin jini na buƙatar shan ruwa da fita bayi ba tare da neman izini ba, kuma yakan kwanta asibiti ba shiri, sai ƙa'idar halartar aji ta hana shi jarrabawa. Mai ciwon suga in ya ce zai sa wani abu a baki, ba raini ba ne. Mai disleksiya ya fahimci darasi sarai, amma a tashe shi ya karanta a bainar jama'a, ka gama da shi a wannan kwas. Mai in'ina a bar shi ya ƙarasa jimlarsa da kansa. In farfaɗiya ta kama ɗalibi a aji, malami ya duba agogo, ya janye kujeru, ya sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, kada a danne shi, kada a cusa masa komai a baki, in jijjigar ta lafa a kwantar da shi ta gefe. In ta wuce minti 5, ko ta sake dawowa kafin ya farfaɗo, ko ya ji rauni, a nemi agajin likita nan take. Malamai nawa aka taɓa gaya wa wannan?

A nan ne sirri yake da nauyi. Malami na buƙatar sanin abin da zai yi wa ɗalibi, ba ya buƙatar sunan ciwonsa ko takardun asibitinsa. Cewa "ina mai matsalar nan, ya biyo ni" a gaban mutum ɗari biyu ya isa ya sa wasu goma su fasa neman haƙƙinsu. A yi maganar a keɓe, kuma a fara da tambaya, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Makafi biyu na iya zama a aji ɗaya, ɗaya na karanta Braille, ɗaya kuwa da girmansa ya rasa ido, sauti kawai yake amfani da shi.

Sai jarrabawa, inda gardama ta fi zafi. Wasu malamai na cewa ƙarin lokaci rashin adalci ne ga sauran, ko zubar da darajar shahada. Mun ɗauki damuwar da muhimmanci, don mu ma ba ma son a ba kowa makin tausayi, kuma shi ma wulaƙanci ne. Tambayar da malami zai yi wa kansa ita ce: me wannan kwas yake aunawa? In sanin dalilan yaƙi ake aunawa a tarihi, saurin hannu da daidaiton harafi ba sa cikin awon. In kwas ɗin na ƙa'idojin rubutu ne, suna ciki, kuma babu mai neman a cire su. Mai koyon aikin jinya dole ya san adadin magani daidai, amma ko a tsaye ya amsa ko a zaune bai shafi sanin ba. Abin da ake aunawa yana nan yadda yake, hanyar nuna shi ce ake gyarawa. Haka ma rubutun kurma wanda maganar hannu ce harshensa na farko: ginin jimlarsa kan bambanta, sai a duba ilimin da ke ciki in ba nahawu ake gwadawa ba.

Ƙarin lokacin da aka saba bayarwa kashi 25 ne ko 50 cikin ɗari, wani lokaci ninki ga mai Braille ko mai amfani da marubuci, wato wanda ke rubuta masa amsoshin da ya faɗa. Amma a lura, jarrabawar awa 3 da ƙarin kashi 50 ta zama awa 4 da rabi, sai an sa hutu a tsakani kuma a duba kada ta ci karo da ta gaba. Marubuci ya zama wanda ya iya rubuta kalmomin fannin amma ba mai ruwa da tsaki a kwas ɗin ba, ya rubuta abin da aka faɗa kawai, ya karanta wa ɗalibi in ya nema. Kuskure ɗaya da ke maimaituwa shi ne a gano gyara a tambaya ta huɗu, a sanar a babban zaure, a manta da ɗalibin da ke wani ɗaki shi kaɗai. Wani kuma a ba da ƙarin lokaci a babbar jarrabawa a manta da gwaje-gwajen cikin zango, waɗanda makinsu ke shiga sakamako. Gwajin ba-zata kuwa, ga wanda sai an shirya masa takarda, sifili ne tun kafin a fara.

Ba mu manta cewa malami ɗaya na iya riƙe aji mai ɗaruruwan ɗalibai ba, ga bincike ga duban takardu. Shi ya sa roƙonmu ya fi karkata gare ku shugabanni. Muna roƙon majalisar kowace makaranta ta fitar da rubutacciyar ƙa'ida da ke faɗin abin da ke kan malami, abin da ke kan sashe, da abin da ke kan ofishin tallafi, a kuma naɗa mutum ɗaya a kowane sashe wanda za a iya ƙwanƙwasa wa ƙofa. Takardar da ke bayyana sauƙaƙawar ɗalibi ta isa hannun malami cikin mako biyun farko na zango, ba tare da sunan ciwo ba, kuma wanda bai kammala takardun shaida ba a fara yi masa na wucin gadi maimakon a bar shi ya jira rabin zango.

Muna roƙon a ƙayyade wa'adi: jerin littattafan kwas ya fito aƙalla mako shida kafin a buɗe zango, takardun kowace lakca su isa ga ɗalibi da tafinta awa 48 kafin ta, tambayoyin jarrabawa kuma su isa wajen masu Braille mako biyu kafin ranar, ƙarƙashin irin tsaron da ake ba sauran takardun jarrabawa. A halatta naɗar sautin lakca ga wanda aka amince masa, da sharaɗin ba zai yaɗa ba. A sa layi biyu a takardar tsarin kowane kwas da ke gaya wa ɗalibi inda zai je da buƙatarsa.

A ba kowane malami horo, ko na rabin yini ne, har da masu koyarwa na wucin gadi da masu kula da ɗakin gwaje-gwaje da masu sa ido a jarrabawa, kuma a sa ɗalibai masu naƙasa cikin masu ba da horon. A ware kuɗin tafinta da marubuci da takardar Braille a kasafin makaranta. A lissafa wannan aiki cikin nauyin malami lokacin rabon kwasa-kwasai. A tsara yadda za a fitar da mai keke daga bene in gobara ta tashi, tun da ba a shiga lif a lokacin, da yadda kurma zai san ƙararrawa ta kaɗa.

Kuma a buɗe hanyar kai ƙorafi wadda ba ta bi ta teburin malamin da ake ƙorafi a kansa ba, a ba da amsa cikin kwanaki goma na aiki, a kuma rubuta ƙarara cewa ba za a taɓa makin ɗalibi don ya yi magana ba. Muna roƙon a sa waɗannan batutuwa a zaman majalisa na gaba, kafin a fitar da jadawalin sabon zango, kuma a shirye muke mu zauna da kowane sashe mu duba kwasa-kwasansa ɗaya bayan ɗaya.

Wassalamu alaikum.

Daga malaman ilimi na musamman, tafintocin maganar hannu, masu rubutun Braille da ma'aikatan tallafa wa ɗalibai masu naƙasa.